Sarkin Tsoron 'Yan Lilo

Mutumin da ya kafa zauren 'Yan Lilo shi ne ya fi kowa daɗewa bai leƙa shi ba. Hafizu ke nan, mai gyaran waya ɗan Batsari, wanda Allah ya jarrabe shi da son lilo tun yana saurayi. Ba lilon igiya a reshen mangwaro ba, na ƙarfe mai inji, irin wanda ke cilla mutum sama har ya hango rufin gari. Da waya ta yawaita sai ya buɗe zaure a Was'af ya tara masu irin cutarsa: malaman makaranta, mahauta, manoma, matan aure da mazajensu, daga Batsari da Ruma da Darini har Safana da Runka. Duk bayan Sallah sai su cika motar Gagare direba su nufi filayen wasa na Katsina ko Kano ko Kaduna, su biya a wujijjiga su, su dawo gida da jiri suna murna. Mutanen gari suna cewa rashin aikin yi ne. Ba su yi ƙarya ba, amma an fi shekara goma ana yi.

Suna da wata al'ada. Duk wanda ya fi kowa ihu a tafiya shi ne Sarkin Tsoro, kuma hotonsa ake ɗorawa a goshin zaure har sai an yi wata tafiyar. A ta ƙarshe sarautar ta faɗa kan Yohanna, manomin Runka, ƙaton mutum da ke ɗaga buhun masara shi kaɗai. A Kaduna suka lallaɓa shi ya hau wani lilo mai siffar kwalekwale, abin ya yi sama da shi, hularsa ta yi nata wuri, ya dinga kwarara ihu har masu sayar da ruwa suka taru kallo. Hafizu yana ƙasa yana ɗauka a waya. Hoto ɗaya ya ɗora a zaure, bidiyon kuwa ya ɓoye bai ba kowa ba, ya mai da shi sandar tsokana. Da Yohanna ya ɗaga murya a hira sai Hafizu ya ce, "Sarki, bi ni a hankali, ko in saki abin nan."

Wata tafiyar ba ta zo ba. Daji ya lalace, hanya ta zama abin tsoro, aka yi wani lokaci ma babu sabis ɗungurungum. Da sabis ya dawo sai man fetur ya yi tashin gwauron zabi, Gagare ya sayar da motarsa ya koma acaɓa. Yohanna ya zauna a kan sarauta shekara da shekaru, bakinsa a wangame a goshin zaure.

Hafizu kuwa ya tattara ya koma Kano, ya samu rumfa a kasuwar waya. Zauren da ya buɗe don dariya ya koma wurin labarin an shiga gari kaza, an kwashe shanun wane, a taimaka da addu'a. Ya gaji. Sai ya toshe zauren, saƙonni suna shiga ba ƙara, suna taruwa bai buɗe ba. Kiran mutanen gida ma ya rage ɗauka, don a ganinsa duk wanda ya kira da buƙata ya kira. Bai taɓa cewa ya rabu da su ba. Kullum cewa yake gobe zai zauna ya karanta.

Ana nan sai Surayya, malamar firamare a Batsari wadda ke riƙe da zauren tun tafiyarsa, ta turo masa saƙo shi kaɗai. Ta ce an yi shawara za a rufe. Babu tafiya, babu alamarta, mutane kuma sun fara tsoron barin lambobinsu da hotunan 'ya'yansu a inda ba su san wa ke kallo ba. Ranar Juma'a kowa zai nemi yafiya ya fita. "Kai ka buɗe, kai za ka rufe," in ji ta.

Abin ya taɓa shi, ya kuma tashi tsohon halinsa. Ya ce ai 'Yan Lilo ba za su rabu da kuka ba. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya buɗe zauren, ya ga tulin saƙonni, ya danna ya tsallake su duka ya dira a ƙasa. Ya lalubo bidiyon nan da ya bi shi daga waya zuwa waya, ya kalla shi kaɗai har da riƙe ciki. Ga Yohanna a sama yana ihu, "Ku yi mini rai! Ina da 'ya'ya! Ku sauke ni!" Hafizu ya tura, ya rubuta a ƙarƙashi: "Ina Sarkin Tsoro? Fito ka yi mana bankwana, ko har yanzu ɓuya kake yi?"

Ya zauna yana jiran dariya. Shiru. Sai kiran Surayya.

"Hafizu, lafiyarka ƙalau kuwa?"

"Malama, ai wasa ne. Ko kin manta da..."

"Yohanna ya rasu tun kafin girbin bara. A gona 'yan bindiga suka ɗauke shi, gawarsa aka samo. A zauren nan aka yi cigiya, a nan aka yi addu'a, a nan aka yi ta'aziyya. Ni da kaina na kira ka ba ka ɗauka ba." Sannan ta ƙara da abin da ya fi. "Ranar bai fita da wayarsa ba. Tana hannun Baiwa matarsa, kuma lambar tana cikin zaure."

Hafizu ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Nan take ya goge saƙon ga kowa da kowa. Bai tsaya nan ba. Ya shiga cikin wayarsa ya goge bidiyon, ya bi shi kwandon shara ya goge, ya ciro tsohon memori ya wanke shi tas, duk don kada ya sake jin "ku yi mini rai" ɗin nan. Aikin hannunsa ne, ya san duk inda abu ke maƙalewa, bai bar ko ɓurɓushi ba.

Sannan ya yi abin da ya kamata ya fara yi. Ya koma sama ya karanta. Ya ga ranar da aka ce ba a ga Yohanna ba, ya ga ranar da aka ce an gan shi. Ya ga an yi ta tambaya ina Hafizu, ya ga amsar Gagare: "Hafizu ya zama ɗan birni, ku ƙyale shi." Ba wanda ya zage shi, shi ya sa abin ya fi ciwo.

Kafin la'asar mutane suka yi ta yafiya suna fita. Ba wanda ya ambaci bidiyon. Da Surayya za ta fita ta rubuto masa cewa saura shi da lambar Yohanna, kuma Baiwa ba ta ce uffan ba. Ya san zai iya danna lambar ya cire ta, ya fita, magana ta ƙare. Ya ɗora yatsa a kai ya kasa. Ba a rufe zaure sai kowa ya yafe, shi kuma akwai mutum ɗaya da bai san ko za ta yafe masa ba.

Washegari ya hau mota zuwa Dutsin-ma, daga nan ya maƙale a bayan a-kori-kura tare da buhunan gishiri har Safana. Surayya ta gaya masa Baiwa ta baro Runka, tana zaune a gidan kawunta Mati a bayan kasuwa. Duk tsawon hanya yana shirya maganar da zai yi yana rushewa.

Dattijon ya karɓe shi a ƙofar gida, suka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya kai shi ciki. Baiwa tana zaune a gindin bango tana tsince wake a faifai, wata ƙaramar yarinya na jingine da cinyarta. Ta rame ƙwarai. Hafizu ya tuna ta a mota tana rabon dafaffen ƙwai tana yi wa mijinta dariya, sai ya sunkuyar da kai, ya durƙusa daga nesa.

"Uwar Gambo, ina wuni. Ya muka ji da haƙuri?"

"Haƙuri mun gode Allah. Malam Hafizu, kai ne tahe? Sannu da hanya. Ya mutanen Kano?"

"Suna lafiya. Allah ya ƙara haƙuri, ya raya abin da ya bari."

"Amin. Mun gode, mun gode."

Ta sa aka kawo masa ruwa. Ya riƙe kofin bai sha ba. Ya fara da cewa bai ji rasuwar ba, sai ya ji maganar ba ta da daɗin ji ko a kunnensa, ya gyara ya ce bai nemi ji ba ne. Ya ce jiya ya yi abin da ko mahaukaci ba zai yi ba, kuma ya zo ne ta yafe masa, in ba za ta iya ba ma ba zai ga laifinta ba.

Baiwa ta ajiye faifan. Ta zaro waya daga ƙugun zanenta, wayar Yohanna ce mai fasasshen gilashi.

"Ai ni ban gani ba," ta ce. "Na ga dai hotonshi dishi-dishi, da abin nan shina ta juyawa, ya ƙi buɗewa. Nan cikin gida sabis ba shi da ƙarfi. Na aika aka sa mini data, na tahi can bakin kasuwa inda ake samu. Ko da na isa, sai na iske an ce an goge."

Hafizu ya ji wani sanyi ya ratsa shi. Ashe ba ta ji ihun ba. Ya buɗe baki zai yi hamdala, sai ta ci gaba.

"Na kwana ina cewa da wane baki zan roƙe ka, sai ga ka Allah ya kawo. Na Kaduna ne ko? Ya sha ba ni labari, ya ce akwai abin da ka riƙe mashi." Ta ɗan yi murmushi, ta shafa kan yarinyar. "Wagga tana goye aka ɗauke shi, ba ta san muryar ubanta ba. Yayyenta su Gambo ma sun fara mancewa. Shi ba mai aika saƙon murya ba ne, ka sani, na bincike wayar nan kaf babu. Don Allah ka zuba mini. Ko ihu ne, nashi ne."

Ta miƙo wayar da hannu biyu.

Hafizu ya dubi wayar. Sau nawa mutane suka miƙo masa waya haka a rumfa, ya karɓa yana cika baki cewa babu abin da ke ɓata a hannunsa. Ya so ya ce ya baro shi a Kano, zai turo. Ƙaryar ta zo har bakinsa. Ya tuna Surayya ta gaya masa ta tambayi sauran, 'yan kaɗan ɗin da suka buɗe duk ya goge musu tare da nasa.

"Na goge shi, Uwar Gambo."

"A zaure dai."

"Ko'ina. Kunya ce ta kama ni, na bi shi duk inda yake na goge. Ba zai dawo ba."

Hannunta ya daɗe a miƙe kafin ta janye shi. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta mai da wayar ƙugunta, ta jawo faifan, ta tsinci tsakuwa ɗaya ta jefar. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Jiya yana ganin babu abin kunyar da ya wuce tura bidiyon, yau ya gane ko gogewar ma kansa ya yi wa, bai tuna akwai masu haƙƙi a ciki ba.

"To ba komi," ta ce can. "Haka Allah ya so." Ta ɗago. "Amma kai ka kalla. Gaya mini, mi ya ce?"

Ya kasa maimaita ihun a gaban yarinyar. Ya ce Yohanna ya yi ta kiran a sauke shi, hularsa ta faɗi, mutane suna ta dariya.

"Da aka sauke shi fa?"

"Ya zauna a ƙasa dirshan. Ya yi ta dariya shi ma har da hawaye. Sai ya hango ni da waya, ya nuno ni da yatsa." Hafizu ya dubi kofin da ke hannunsa. "Ya ce, 'Hafizu, don girman Allah kada ka bari Baiwa ta ga wannan, raina ni za ta yi.'"

Dariya ta kufce wa Baiwa, gajeriya, ta toshe baki da gefen mayafi. Yarinyar ta ɗaga kai tana kallon uwarta. Baiwa ta share ido da bayan hannu, ta dube shi.

"To ai ka cika mashi alkawari, Malam Hafizu," ta ce. "Na yahe maka. Sha ruwanka, ka cire lambar, hanya ba ta da kyau in rana ta yi sanyi."