Ranar da Malam ya koma cikin labarai

Maigidana, Malam Jibrin, Allah ya jiƙan shi, shi ke karanta labaran rana a wani ƙaramin gidan rediyo nan Talata Mafara. Ni karatuna bai yi nisa ba. Abin da na sani dai, in ya fara magana matan unguwa na aje taɓarya. A kasuwar Bakura kuwa in gardama ta yi tsawo, sai wani ya ce ai Jibrin ya faɗi, kowa ya kama gabanshi.

Wata shekara, gab da noman rani, wani ɗan kasuwa ya kawo sabon irin shinkafa. Ya biya gidan rediyon, amma ya ce kada a sa shi cikin talla, don da an fara talla mutane ke tashi alwala. A tsakiyar labarai yake so, da muryar Malam, a ce manoman Damri sun gwada sun ga amfani. Manaja ya yarda.

Ina tsintar wake a tsakar gida na ji shi. Ya gama labarin ruwan madatsa, sannan ya ce:

"Jama'a, abin da zan karanta yanzu talla ce, mai kayan ya biya. Ni ban je Damri ba, ban ga gonar ba. In na gama zan gaya muku mun koma labarai."

Ya karanta tsaf, bai rage komai ba. Da ya gama ya ce an koma.

Ba a kore shi ba. An dai ɗauke shi daga labarai, aka ba shi sanarwar rasuwa da ɗaurin aure da cigiyar awaki. Da ya dawo na tare shi da faɗa. Na ce wa ya gaya mishi irin ba shi da kyau? Ya ce ba kowa, ƙila ma ya fi namu. Na ce to me ya kai shi? Ya ce mutumin Faru da zai sai da akuyarshi ya sayi iri, ya kamata ya san wa ke mishi magana, mai labari ko mai kaya. Na ce shi da wannan baki nashi sai Allah. Ya yi dariya, ya ce in zubo tuwo, yunwar tashi ba talla ba ce.

Irin ya yi kyau, mu ma mun ci shinkafar. Abokai suka ce ya je ya ba manaja haƙuri tunda kaya sun fito lafiya. Bai je ba. Amma abin na cin shi. In lokacin labarai ya same shi a gida, sai in ga leɓenshi na motsi yana bin Hikima, wadda aka ba kujerarshi, shi ne ma ya koya mata aikin. Duk shekara yakan ce ƙila bana a mai da shi. Har ciwon ƙirji ya kwantar da shi ba a mai da shi ba.

Da asuba ya cika. Ƙanenshi Mas'udu ya hau mashin ya kai kuɗin sanarwa, kamar yadda kowa ke yi. Ya dawo da su a aljihu, ya ce Hikima ta ƙi karɓa, ta ce a dai kunna rediyo. Raina ya ɓaci. Na ce ko a mutuwar ma ba za su ba shi wuri ba?

An dawo daga maƙabarta, mata sun cika ɗaki, wata ta kunna rediyo. Lokacin labarai ne. Tun kafin maganar gwamnati, kafin komai, Hikima ta ce:

"Jama'a, wannan ba wanda ya biya. Labari ne, na je gidan na gani da idona. Allah ya yi wa Malam Jibrin rasuwa."

Sai na tuna da wata mai baƙin hijabi da ta durƙusa a bakin ƙofa da safe, ta yi addu'a ta fita, ashe ita ce. Kan labarai aka sa shi, inda ya yi shekaru yana jiran komawa.

Kafin la'asar mashina sun toshe layinmu. Daga Maradun, daga Damri, daga ƙauyukan da ban taɓa jin sunansu ba. Wani tsoho daga Faru ya aiko Mas'udu ya gaya mini bai taɓa ganin Malam ba, amma tun shekarar irin nan yake tsayawa ya ji wa ke magana kafin ya gaskata. Yau ya ji an ce labari ne, shi ya sa ya baro gona.

Da Hikima ta dawo gaisuwa na tambaye ta ko manaja ya sani kafin ta faɗa. Ta sunkuyar da kai.

"Bai sani ba, Inna. Amma ya zo jana'iza, kuma har yau bai ce mini komai ba."

Yanzu ina takaba, rediyon na kusa da tabarmata. Jiya ta karanta tallar taki, ta faɗi wanda ya biya. Da ta gama ta ce mun koma labarai, na ji bakina ya faɗa tare da ita.