Baƙon da Ya Ci Cukun Gavril

Tun da baƙon ya fito daga mota Floarea ta ji bai kwanta mata ba. Wa ke hawowa dutsen nan da farin takalmi? Ya ce sunansa Octavian, daga babban birni Bucharest yake, wai ƙungiyarsu na fafutukar ganin gwamnatoci sun sakar wa 'yan kasuwa mara. Ita dai duba-gari ta gani ya ɓad da kama.

Tsoron nata da dalili. Ɗakin cuku biyu gare su. Akwai na gaba mai farin tayil da tukwanen ƙarfe, wanda suka gina don cika sharuɗɗan Tarayyar Turai, shi ake nuna wa hukuma. Sai bukkar katako a bayan garke, wadda hukuma ba ta san da ita ba, inda mijinta Gavril ke ɗura cukun tumaki cikin ɓawon itace har ya kama ƙamshi. Wannan ne masu saye ke rububi, shi ke riƙe da gidan. Ranar da aka rufe bukkar, sai dai su sayar da tumakin.

"Baba, mutanen da ba su taɓa tatsar tunkiya ba suna zaune a Brussels, hedikwatar Tarayyar Turai, suna tsara maka ƙwarya," in ji Octavian. "Mai saye ya yarda, mai sayarwa ya yarda, ina ruwan na uku?"

Gavril, wanda daɗin baki ke narkar da shi kamar man shanu, har ya fara gyaɗa kai. Floarea ta ja shi gefe.

"Kai tsoho, kama bakinka. Tarko ne."

"Ke kowa ɓarawo ne a wurinki. Ba shi cukun ya ci mana, mu gani."

Haka ake gwada baƙo a dutsen. Ma'aikacin hukuma ba ya taɓa abincin gidan da ya zo kamawa, wanda kuwa ya ci cukunka ba ya kai ƙararka. Ta yanko na ɓawon, ta dire masa, ta kafa masa ido. Ya cinye, ya suɗe yatsa, ya ce, "Inna, a ƙara." Sai ta ji kunya ta kama ta. Da hannunta ta buɗe masa bukkar, har da gyara wa Gavril hula da baƙon ya ɗaga waya zai ɗauke shi.

Ran kasuwa mai sayar da zuma ta miƙo wa Floarea waya tana dariya. "Matar jarumi, an gaishe ki." Ga hoton Gavril tsaye a bakin bukka, ga sunan ƙauyensu ɓaro-ɓaro, an rubuta: Mutumin da ya bijire wa Brussels. Octavian ya sa shi a intanet, dubban mutane sun kalla. Ta tattara kaya ta nufi gida tun rana ba ta yi ba.

Ta tarar da farar motar hukuma a bakin garke, Gavril na tsaye hula a hannu. Ta kira Octavian a waya.

"Ka ci abincina, ka turo mana su?"

"Haba Inna, ni? Ai ni naku ne. Sun zo ne?" Ta ji muryarsa ta washe da murna. "Kar ki hana su. In za su sa kwaɗo, ki daure ki ɗauko mini hoton da kyau. Duk Turai sai ta ji labarinku."