Fadamar Marke Ba Ta da Kowa

Duk ƙasar Wurno ba wanda ya gane karatun da Attahiru yake yi a jami'a can Kudu. In an tambaye shi sai ya ce yana nazarin yadda ruwa da ciyawa da dabba da kifi suke rayuwa da juna. Baffansa Mode, makiyayin da ya rene shi, ya taƙaita zancen: karatun ciyawa.

"Tun daga nan hab bakin teku," Mode kan ce yana dariya, "don ka koyo abin da ko maraƙi ya sani!"

Dogon hutun jami'a kuwa da damina yake faɗowa. A na shekara ta biyu, malaminsa, wani Bature mai son ƙa'ida, ya ba shi aikin auna Fadamar Marke da ke bakin gulbin Rima, kusa da Taloka. Wata biyu Attahiru yana cikin ruwa iya gwiwa, yana kafa turaku, yana jan igiya, yana ƙirga ciyawar roba da bado. Ko saniya ɗaya bai gani ba. Ina zai gani? Da damina shanu suna tudu, sai ruwa ya janye suke gangarowa. A wannan fadama garken Mode yake cin rani tun kaka da kakanni.

Attahiru bai ɓoye wannan ba. Ya cika shafi guda na rahotonsa da shi: shanu su ci ciyawa da rani, su bar taki, ruwa ya hau kan takin, kifi ya yi ƙiba, ciyawa ta sake tohowa. Malamin ya karanta, ya ɗora jan alƙalami a kan shafin.

"Ka gani da idonka? Ka auna?"

"Ranka ya daɗe, a can na tashi."

"Tashi a wuri ba awo ba ne."

Gaskiya ɗaya ce, tsoro Attahiru ya ji. Ya cire shafin, ya sa hannu a kan sauran, ya ci jarrabawa, har da yabo.

Sai a ɗan gajeren hutun bazara na shekarar gaba ya ga abin da aikinsa ya haifa. Motocin noma uku suna kai da komo a cikin fadamar, sun kife ta daga wannan baki zuwa wancan, za a yi gonar shinkafa ta gwamnati. An kafa turaku, an hana shanu sauka. Attahiru bai ko ajiye akwati ba ya nufi ofishin Baturen gona.

Baturen ya tarbe shi hannu bibbiyu, har da miƙa masa kujera. Ya buɗe fayil ya juyo masa shi, sai ga rahotonsa, ga taswirarsa, ga sa hannunsa.

"Aikinka ne ya sauƙaƙa mana," in ji Baturen. "Fili mai kyau haka, kuma ba mai amfani da shi."

Attahiru ya yi bayani har yawunsa ya bushe. Ya ce da damina ya yi awon. Ya ce shanu sun fi ɗari biyar da ke rayuwa a wurin, in an raba su da shi su da kifin duk za su tagayyara. Baturen ba mugu ba ne, abin haushin ke nan, da mugu ne da an san da wa ake faɗa. Ya saurara tsaf, ya ce umarni daga sama ya zo, irin shinkafa ma yana hanya.

"Amma kawo mini awo na rani, sai in tura."

Awon me? Ciyawar da za a auna tana ƙarƙashin garma.

Da la'asar ya iske Mode a kan tudu, a tsakiyar shanun da haƙarƙarinsu ya fito, suna tsinkar ganyen sabara. Sauran rugage sun tashi tun makon jiya neman inda za su kai ga ruwan farko. Matar Mode, Kulu, ita ma ta fara ɗaure ƙore. Tsohon bai san komai game da rahoton ba, ganin Attahiru kawai ya sa fuskarsa ta washe.

"Mi sunka ce, ɗana?"

"Bappa, abin da wuya."

"Wuya mi? Kai ad da alƙalami. Masinja ya hwaɗa min Baturen ga ba shi jin maganak kowa awa taka. Rubuta mishi dai su buɗe muna ko gehe guda."

Attahiru ya buɗe baki zai faɗi gaskiya. Ya dubi furfurar mutumin, ya dubi shanun. Abin da ya fito kawai shi ne, "To, Bappa."

Mode ya juya wajen bukka ya ɗaga murya.

"Kulu! Kwance kayan nan, ba mu tashi. Attahiru ya iso."