Batirin Motar Gari

Kububuwa ta sari Baba Mahaman da hantsi, yana noma a gonarsa ta bakin tabki. Kafin a kawo shi gida ƙafar ta kumbura har gwiwa, dasashinsa ya fara jini. Ɗansa Shu'aibu, malamin lakwal, wato makarantar boko, ya bar aji ya sheƙa wurin motar gari.

'Yan ci-rani ne suka haɗa hannu suka sayi motar nan, don kai marar lafiya likita a Madarunfa ko Maraɗi. Shamsu direba ya shiga ya murɗa makulli. Ko ƙas ba ta ce ba. Ya sake murɗawa, kansa a sunkuye.

"Akwai gazuwal?" in ji Shu'aibu.

"Rabin tanki, malam."

"Kunna fitila mu gani."

Fitila ba ta kama ba. Shu'aibu ya zagaya ya ɗaga murfin inji. Inda batir ke zama babu komai sai wayoyi biyu suna lilo.

"Ka san babu batir, kake ta murɗa mini makulli?"

Shamsu ya sosa ƙeya. "Yana gidan Alhaji Aliyu. Bikin suna suke yi, lasifikarsu babu wuta. Tun jiya ya aiko, ni kuwa wane ni in hana shugaban kwamitin mota?"

Daga nan inda suke ana jin lasifikar, maroƙi yana ta kwarara wa Alhaji kirari. Shu'aibu ya juya zai tafi, Baffa Maman, ƙanen mahaifinsa, ya riƙe masa hannu.

"Tsaya, ɗana. Baƙi ne cike da gidan, daga Gabi har Safo. Ba a tambayar aro a gaban baƙi. Bari su ci abinci, sai in ja shi gefe."

"Baffa, ɗan'uwanka jini yake tofarwa."

"An shafa masa magani. Kai dai boko ya sa maka gaggawa."

Shu'aibu ya fizge hannunsa. Ya nufi gidan Alhaji, ya keta tsakiyar taron, ya tsallake tabarmi da kwanonin fura, ya tsuguna ya cire wayoyin. Muryar maroƙi ta yanke a tsakiyar kirari. Ya saɓa batir a kafaɗa ya fito.

Suka mai da batir mota, suka ƙara ɗaure kawunansa. Fitila ta kawo ja-ja kamar garwashi. Shamsu ya murɗa, inji ya yi gurnani sau ɗaya ya yi shiru. Kiɗan jiya da kirarin yau sun shanye wutar. Suka kira maza aka tura, tayoyin suka nutse cikin jiƙaƙƙen rairayi. Aka sake turawa har gumi ya jiƙa riguna. Motar ba ta motsa ba.

A amalanken jaki aka ɗora tsohon, Shu'aibu yana riƙe da kansa a cinya. Suna hango kwalta tsohon ya daina amsa kira.

Wurin zaman makoki kowa ya zo da kalma ɗaya, kwana ne ya ƙare. Alhaji Aliyu ma ya zo, ya yi doguwar addu'a, aka shafa. Ba wanda ya ambaci mota. Shu'aibu ya zauna yana kallon bakunansu, yana jiran mutum ɗaya ya ce an yi kuskure.

Da aka watse Baffa Maman ya matso kusa da shi, ya yi ƙasa da murya.

"Alhaji mutumin kirki ne, ka ga bai riƙe ka ba, har ya tako. Amma gari na ta magana. In an yi sadakar uku ka shirya, ni zan raka ka, ka ba shi haƙuri."