Idon da Ba Ya Sallama

Auta na cikin zuba wa wata mata ƙwayoyin hawan jini a leda ta saci kallon wayarta da ke jingine bayan kwalin auduga. Allon baƙi ƙirin. Ta rufe manhajar kyamarar ta sake buɗewa. Inda ta saba ganin gadon Baba da kujerarsa da sandarsa, babu komai sai duhu.

Ta kira lambarsa, ta yi ta ƙara har ta katse.

"Oga, zan je gida," ta ce da mai kantin maganin, tana cire farar rigar aiki.

"Yau ma? Ke da wayar nan kamar mai gadin banki."

Ta fice da sauri. A cikin bas ta sake kira, shiru. Watannin baya Baba ya faɗi a banɗaki, ya kwanta a kan tayil tun hantsi, sai da ta taso daga aiki da yamma ta tarar da shi, hannun damansa ya shanye. Daga nan Yayanta da ke aiki a gari mai nisa ya aiko da kyamara, aka kafa a saman kwabar ɗakin Baba. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura. Auta ko ruwa za ta sha sai ta fara leƙa wayar.

Direban bas ɗin kuwa kamar da gayya, duk wanda ya ɗaga hannu sai ya tsaya masa. Ta sauka tun kafin motar ta gama tsayawa, ta haye matakalar bene da gudu, ta banka ƙofar ɗakin.

Baba na zaune a bakin gado lafiya lau, riga a rataye a kafaɗa ɗaya, yana kokawa da maɓalli da hannun hagu. A saman kwaba, tsohuwar hularsa ta zauna daram a kan kyamarar.

Ta durƙushe a bakin ƙofa. Tsoron da ta kwaso daga kanti ya juye ya zama haushi.

"Haba Baba! So kake zuciyata ta buga? Na kira ka ba ka ɗauka ba!"

"Wayar na ƙarƙashin filo. Hannu ɗaya gare ni, kuma yana aiki." Ya ja rigar ya rufe ƙirjinsa. "Ke ma kin koyi halin abin naku ke nan, shigowa ba sallama."

"Don lafiyarka aka saka ta."

"Na sani. Jiya ɗan Yayanki ya kira ni, yana dariya har da shaƙewa. Wai Kaka mun ga kana rawa."

Auta ta ɗago kai. "Rawa?"

"Motsa jikin da likita ya ce in riƙa yi. Ashe a can gidan har a talabijin suke saka ni. Yayanki da matarsa da yara, wataƙila har da baƙi." Ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba. "Na yi shekaru ina tuƙa babbar mota, ban taɓa sanin zan yi ritaya in zama ɗan wasa ba."

Kunya ta rufe ta. Ita ce ta tura wa Yaya lambar sirrin, ba ta taɓa tambayar hannu nawa ta shiga ba. Ta kuma tuna shekaranjiya, tana tsaye a kanti, ta ga Baba a waya ya jefar da cokalin da ya ƙi riƙuwa, ya kifa kai yana kuka. Ta kalla har ya gama. Da ta dawo gida ya ce mata ya wuni lafiya, ita ma ta yi kamar ta yarda.

"Mahaifiyarku, Allah ya jiƙanta, duk zamanmu ba ta taɓa faɗo min ɗaki ba sai ta yi gyaran murya," in ji shi. "Yanzu wando zan canza, sai na juya wa kwaba baya."

"To in ka sake faɗuwa fa, Baba?" ta ce. "Ni na ɗaga ka ranar. Ni na ji sanyin jikinka."

Baba ya dube ta.

"Kina zaton ni ba na tsoro? Kullum in zan shiga banɗakin nan sai gabana ya faɗi. Ban ce ki cire ta ba, Auta. Cewa na yi a koya mata tarbiyya."

Ta yi dariya da hawaye a fuska. A nan bakin gado suka yi ciniki kamar 'yan kasuwa. Ta canza lambar sirrin a gabansa, ita kaɗai za ta sani. Yaya in yana son ganin mahaifinsa, ya kira kamar kowa. Ta samo igiyar takalmi ta ɗaura wa wayarsa don ya riƙa rataya ta a wuya. Ba za ta buɗe kyamara ba sai ta kira ya ba ta izini. In ta kira, ta sake kira bai ɗauka ba, to, ta buɗe ba laifi.

"Ta yaya za ka san ban leƙa a ɓoye ba?" ta tambaya.

"Ba zan sani ba," ya ce. "Miƙo min hulata."

Washegari da hantsi kanti ya yi shiru, babu mai saye. Yatsanta ya tafi kan manhajar da kansa, kamar yadda ya saba. Ta janye shi, ta danna lambar Baba. Wayar ta yi ta ƙara. Ta riƙe ta a kunne tana jira. Tana dab da katsewa aka ɗauka.

"Salamu alaikum, Baba."

"Wa alaikumus salam. Dakata." Ta ji ƙarar sanda da numfashi sama-sama. "To, shigo."

Ta buɗe kyamarar. Yana tsaye a tsakiyar ɗaki yana fuskantar kwaba, ya saka rigarsa shi kaɗai, maɓalli ɗaya ya shiga ramin da ba nasa ba. Hular tana kansa.