Alkama Zalla

"Wanne ne ya fi saurin tsirowa?" in ji Lamar.

Purvis mai shagon iri ya saki buhun takin da yake ja, ya dube shi sheƙeƙe. "Ni kake tambaya? Kai da ka koya wa rabin garin nan shuka? Tsufa ne ya fara taɓa kan, ko Odessa ce ta buga maka kasko?"

"Kai dai ba ni amsa, sarkin surutu."

"Alkama mana. In ruwan gobe ya sauka kamar yadda suke ta faɗa a rediyo, mako guda ka ga kore. Kafin a buɗe farauta bareyi sun saba da wurin."

Lamar Gandy ya san haka sarai. Shekara arba'in da ɗaya yana shuka wa bareyi fili guda a ƙasan gonarsa, eka biyu tsakanin rafi da daji. Mu nan kudancin Alabama duk mai ɗan daji yana da irin wannan fili, kuma in ƙarshen Satumba ya zo ba ka jin wata hira a ƙofar coci sai ta iri. Kowa da nasa haɗin, kowa kuma gani yake na maƙwabcinsa shirme ne. Na Lamar bai taɓa sauyawa ba. Alkama don farkon farauta. Tanif, wani ganye mai saiwa kamar gwaza, don tsakiyar hunturu, saboda barewa ba ta ko kallonsa sai sanyi ya daskarar da ganyen ya yi zaƙi, can cikin Janairu. Sai kuloba, wata ciyawar kiwo mai ganye uku-uku, wadda ba ta yin abin kirki sai Afrilu, amma in ta kama ƙasa sai ta shekara biyar tana ciyar da su. Tsohuwar kulobarsa ta ƙare, bana ce shekarar sabunta ta, har shi da matarsa Odessa sun zuba wa filin farar ƙasa mai kashe tsamin ƙasa tun watan Maris.

Kwana goma sha ɗaya ke nan da likita a birni ya zaunar da shi ya ce ciwon daji ne a hanta, kuma ya bazu. Wata uku, in an yi sa'a huɗu. Ya dawo gida ya ce wa Odessa gyambon ciki ne, an hana shi barkono da kofi. Tun ranar take dafa masa abinci lami, yana ci yana yabawa. Kowace safiya sai ya ce yau zan gaya mata, rana ta faɗi bai faɗa ba. Tsoro ne, ba wani abu ba. Mutumin da ke feɗe barewa shi kaɗai cikin sanyi, ga shi ya kasa buɗe baki a gaban matar da ko kafaɗarsa ba ta kai ba.

"Ba ni buhu huɗu," ya ce.

"Tanif fa? Kulobar da ka sa na ajiye maka tun Agusta ma tana can ciki, mutum uku na hana."

"Bar su tukuna."

"Tukuna har yaushe? Ruwan gobe in ya wuce ka, sai ka jira Oktoba."

"Na ce ka bar su."

Lamar ya sunkuya zai ɗauki buhun farko. Ya ɗaga shi zuwa gwiwa, wani abu ya soke shi ƙarƙashin haƙarƙari, ya mayar da shi ƙasa a hankali kamar mai duba ɗinkin bakinsa. Purvis ba wawa ba ne, surutu ne kawai ya yi masa yawa. Ya dubi bel ɗin Lamar, ya ga sababbin huda biyu da aka yi da ƙusa. Ya kwashi buhunan ɗaya bayan ɗaya ya loda a bayan a-kori-kura, ya rufe, ya daɗe yana gyara sakatar da ba abin da ya same ta.

"Ka gaida min Odessa," ya ce. Yau ko zolayar sallama babu.

Sai da Lamar ya wuce gadar rafi ya gane abin da ya yi. Ba zama ya yi ya yanke shawara ba. Manomi in ya tsaya gaban iri kwanaki yake ƙirgawa, ko ya so ko bai so ba, shi kuma kansa ya ƙirga ya tsaya a Disamba. Abin da ya ɓoye kwana goma sha ɗaya, ga shi nan a bayan mota buhu huɗu, ko makaho ya shafa ya karanta.

Ya faka a gefen titi, inji na aiki. Shagon bai fi tafiyar minti goma ba. Zai iya komawa ya karɓo ƙananan jakunkunan tanif da kuloba, a shuka, a ci gaba da gyambon ciki har zuwa ranar da zai kasa tashi. Amma ya tuna fuskar Purvis, ya ji ba zai iya sake tsayawa gabansa ba. Sai ya shirya wata ƙaryar, mai arha: zai ce irin ya ƙare a shago. Zai bi ta hanyar baya ya watsa alkamar kafin Odessa ta sauko da la'asar, maganar ta zo a tsaye, cikin aiki, ba a teburin abinci ba.

Ya bi ta hanyar bayan. Yana karyo kwana ya hango ta zaune a kan kututture a bakin filin, da malafarta, da kwandon abinci, da jakar watsa iri rataye a wuya.

Haka aikin yake a gidan tun aurensu. Shi ke watsa alkama ya bi da tarakta ya rufe. Ƙananan iri kuwa, tanif da kuloba, masu kama da yashi, nata ne, don hannunta ya fi nasa daidaito wajen juya mariƙin jakar. Ita ma ta san ta fi shi, kuma ba ta taɓa barinsa ya manta ba.

"Sun ce ruwan zai iya zuwa yau da yamma," ta ce tun kafin ya kashe mota. "Shi ya sa na sauko. Ka daɗe, Baban Renita. Purvis ne ya tsare ka da labarin karensa?"

"Shi ne."

Ta zagaya bayan motar, ta buɗe, ta leƙa. Ta ture buhu ɗaya ta duba ƙarƙashinsa. Ta dawo ta leƙa kujerar gaba.

"Ina nawa?"

"Ya ƙare. Sai mako mai zuwa za a kawo."

"Kulobar ce ta ƙare?"

"Ita."

"Matar Purvis ta ce min ranar Lahadi an ajiye mana tun Agusta, har da sunanka a jiki." Ta juyo ta dube shi. "To, mu ce ta ƙare. Tanif ɗin ma ya ƙare? Tanif, da ake samu ko a gidan mai?"

Ya fito daga motar, ya dafa ƙofa, yana kallon ƙasar da ya kafce ranar Alhamis, ja wur, busasshiya, da sawun bareyi a gefenta.

Odessa 'yar manomi ce, matar manomi. Ya ga lokacin da ta fara ƙirga. Leɓenta ya ɗan motsa, idonta ya tafi kan buhunan, ya dawo kan wuyan rigarsa da ya yi masa yawa, ya sauka kan hannun da ke dafe da ƙofa. Ba ta daɗe ba.

"Lamar," ta ce. Rabon da ta kira shi da sunansa tun kafin a haifi 'yarsu Renita. "Ba ka sa ran ganin Janairu."

"Odessa..."

"Wata nawa ya ce?"

"Uku. Wataƙila huɗu."

"Daga yau?"

"Daga ranar da na je."

Ta zauna a bakin motar, jakar da ba komai cikinta a kan cinyarta. Ya zaci za ta yi kuka, ya shirya wa kuka. Abin da ya zo ya fi kuka muni. Muryarta ta fito ƙasa-ƙasa, a daidaice.

"Kwana goma sha ɗaya ina tsince maka barkono daga wake. Ina ɓoye gwangwanin kofi a bayan fulawa kamar mai renon yaro. Ranar Laraba na tafi taron mata na wuni can, muna ɗinka mayafi. Wuni guda, Lamar. Cikin wata uku." Ta ɗago ta dube shi. "Nawa ne waɗannan kwanakin. Ba naka kaɗai ba ne da za ka kwashe ka zubar."

"Na kasa ne."

"Ka kasa gaya min, amma ka gaya wa Purvis."

"Ban ce masa komai ba."

"Buhu huɗu na alkama zalla, ka ce ba ka ce masa komai ba? Kafin a tashi coci gobe duk garin ya sani."

Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba tun yana saurayi. Iska ta fara kaɗawa daga kudu, mai ɗumi, da ƙamshin ruwa a cikinta. Ya nemi abin da zai ba ta, abu ɗaya ya samu.

"Bari in koma in karɓo kulobar. Minti ashirin ne. Farar ƙasar ta riga ta ci, za ta kama da kyau. Shekara biyar bareyi za su riƙa fito miki da 'ya'yansu, kina ganinsu daga tagar kicin."

"A'a."

"Ba don farauta ba. Don ke."

"Na ce a'a." Yanzu muryar ta karye. "Shekara biyar ina leƙowa ina ganin ta kore shar, kai kana cikin ƙasa? In yanke ta sau uku a shekara, ni kaɗai? Kada ka shuka min abin da zan yi ta kallo. Abin da ka sayo shi za mu shuka. Ya yi, ya bushe, shi ke nan."

Ta miƙe, ta zaro wuƙar aljihunsa ba tare da ta tambaya ba, ta farke bakin buhun farko. Ta cika jakarta da hannu biyu-biyu. Ya matso zai karɓa, ta ture hannun.

"Zauna. Ka ajiye ƙarfinka ga tarakta, ni ban iya jan haron rufe iri ba."

Ya zauna a kan kututturen. Ta buɗe ramin fitar iri na jakar har ƙarshe, don alkama ba ta taɓa bi ta cikinta ba, ta shiga filin tana juya mariƙin. Jakar ta yi mata nauyi, tana tafe tana karkacewa gefe guda, kafaɗunta na girgiza. Ba ta kallon ƙasa. Irin na zuba da kauri, ninki biyu na abin da wurin ke bukata, kuma tafiyarta ta yi sanyi da yawa. Lamar ya auna da ido. A haka buhu huɗun ba za su wuce rabin filin ba.

Ya buɗe baki zai ce mata ta rage ramin. Sai ya rufe, ya ja buhu na biyu kusa da ƙafarsa, ya fara warware ɗinkin.