Soket ɗin Igiyar Fitila

Ba a gama kwashe kujerun zaman makokin mijina Athol ba, Lindsay Prowse ya faɗo garejinmu, wai ya zo taya ni kintsa kaya. Abokin Athol ne, tare suke yawon kasuwar tsofaffin ƙarafa tun gashinmu yana baƙi. Ya ɗaga wannan, ya ajiye wancan, can ya jawo wani jan akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin benci. Soket ne jere a ciki, na kwance noti, amma irin na da, masu ramin baya mai kusurwa shida, ba huɗu irin na yanzu ba. Gadon mahaifin Athol ne.

"Glenys, waɗannan ko suna babu a jikinsu," in ji shi, yana yatsina fuska. "Tarkace ne. Bari in rage miki shara."

Har godiya na yi masa. Har kek na naɗe masa ya tafi da shi, don tsabar wauta irin tawa.

Da kasuwar tsofaffin ƙarafa ta shekara-shekara a garin Ballarat ta zagayo, ƙanwata ta matsa sai na raka ta in sha iska. A rumfar masu tara kayan aiki na hango akwatin Athol a kan koren ƙyalle, maza sun yi masa rumfa da kawunansu. Lindsay na tsakiya, baki har kunne.

"Ku bar neman suna," yake ce musu. "Zane za ku duba. Layi biyu na gicciye a wuya, siririyar tsaga a tsakani. Wata 'yar maƙera ce ta yi su kafin yaƙin duniya, ba ta buga tambari. Babu wanda ya taɓa ganin cikakken jeri."

Wani ya tambaye shi inda ya samo su.

"Ɗai-ɗai na tsinto su, shekara da shekaru."

Kai! Na matsa kusa. Ramin soket ɗaya a akwatin babu komai a cikinsa, kuma na ji ana cewa saboda ramin nan ne ƙungiyar masu tara kayan ta hana shi kofin gasa, don sai cikakken jeri ake ba wa. Na ƙura wa zanen ido. Idona bai san shi ba, babban yatsana ne ya gane shi. Tun ina amarya Athol ya ɗaura wani ɗan ƙarfe a bakin igiyar fitilar gareji don a riƙa samunta a duhu. Kullum sai na kama shi.

Na kira Lindsay shan shayi ranar Asabar da yamma, na ce ya taho da akwatin, akwai abin da zan nuna masa. Ya zo da takalmi a goge. Na kai shi gareji, na ja igiya. Fitila ta kama, ƙarfen na lilo daidai hancinsa.

Bawan Allah ya kai hannu. Ya kwance shi daga igiyar, ya juya shi, ya shafa wuyan, ya zura masa mariƙi mai kusurwa shida, ya zauna ɗas. Ya sa shi a ramin akwatin, nan ma ɗas. Wallahi har ƙwalla na gani a idonsa, abin da ban gani ba ranar da aka binne abokinsa.

"Glenys, faɗi abin da kike so."

Na zare soket ɗin daga ramin, na damƙe. "Akwatin nake so. Ka mayar da shi ƙarƙashin bencin nan, sannan ka je ka gaya wa mutanenka ko na wane ne."

"Haba, uwargida! Ke da hannunki kika ba ni."

"Tarkace na ba ka. Wannan tarkace ne?"

Ya yi 'yar dariya, ya rungume akwatin. "Me za ki yi da su? Ko girman noti ba ki sani ba. A wurinki tsatsa za ta cinye su. Ba ni ɗayan nan kawai, su haɗu da 'yan'uwansu. Athol ma haka zai so."

Da bai ambaci sunan Athol ba, wataƙila da na tsaya. Na kunna injin wasa ƙarfe, na kama soket ɗin da filaya.

"Ke, ba za ki iya ba," in ji shi. "Na mijinki ne fa."

Na ɗora wuyan a kan dutsen injin. Tartsatsi ya tashi. Lindsay ya kurma ihu kamar an taka masa ƙafa da mota.

"Tsaya! Glenys, don Allah tsaya! Ga akwatin!"

Amma bai ajiye ba. Ina kallonsa ta gefen ido, bakinsa ne kawai ke bayarwa, hannuwansa na ƙanƙame da abin. Na ci gaba da juyawa. Layi na farko ya tafi, tsagar ta bi shi, na biyun ma ya bi. Da na kashe injin, wuyan ya zama sumul kamar cokali, babu mai iya cewa daga wace maƙera ya fito.

Na tsoma shi a ruwa, na ɗaga masa. "Yanzu ne ya zama abin da ka ce. Ka gaida gida."

Ya fita bai waiwayo ba, shayinsa ya huce a kan tebur.

Na mayar da ƙarfen bakin igiyarsa. Ba zan ɓoye ba, duk sanda na kama shi yatsana sai ya nemi kaushin nan ya rasa, kuma abin yana ci mini rai, don shi ne wurin da hannun Athol ya fi taɓawa a gidan nan. Amma duk shekara ina zuwa Ballarat. Ina jira sai mutane sun cika rumfar Lindsay, in kutsa gaba da jakata, in nuna ramin akwatin da yatsa, in ɗaga murya.

"Ranka ya daɗe, ina na nan wurin?"